Wadda Ta Rako Ma'u Gida

Lokacin cirar albasa ne, zafi ya kwanta a kan Birnin Kebbi. Zauren Riskuwa da ke Nasarawa ya cika da buhuna har sai mutum ya karkace kafin ya shige. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Gwaggo Abu, yayar Riskuwa, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar matarsa, tana gaban murhu tana tuƙin tuwon shinkafa. Ma'u, 'yar maigidan, na zaune a ƙofar ɗakinta, hannuwa a cinya, tana kallon bango. Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro a hankali, ya tsaya a tsakar gida.

Gwaggo Abu ta ɗaga kai ta zagi yaran unguwa har da waɗanda suka haife su, ta ci gaba da tuƙi. Wani ya sake faɗowa. Na bayansa a cikin tukunyar miya ya sauka, bai fantsalar da ko ɗigo ba. Ta sa ludayi ta tsamo shi. Baƙin dutse ne mai santsi, irin wanda ruwa ya daɗe yana wankewa, kuma sanyi ƙalau yake duk da daga tafasasshiyar miya ya fito. A nan bakin Gwaggo ya mutu, abin da ba a saba gani ba. Ma'u kuwa ko juyowa ba ta yi ba.

A wancan zamani Kabi na cikin Jihar Sakkwato, kuma gwamnati kan tura matasa masu aiki a hannu, malaman makaranta da ma'aikatan jinya, su je wasu ƙasashen Afirka aikin sa kai na shekara biyu. Ma'u ta gama koyon aikin ungozoma ta ba da sunanta. Dangi suka yi ca, amma mahaifiyarta, Tamba, ta tsaya mata, ta ce matan can ma haihuwa suke yi, kuma lada ba ya ɓata don an yi shi da nisa. Aka kai Ma'u Gambiya, wani ƙauye a bakin kogi inda mota ba ta shiga da damina, kuma babu mai jin Hausa ko ta sannu.

A daminar farko Tamba ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Riskuwa da 'yan'uwansa suka yi abin da mutanenmu suka saba, suka ce ba a aika wa na nesa labarin mutuwa, kada ya yi kuka a cikin baƙin mutane. Aka bar ta ta ci gaba da aikinta. Sai da wa'adin ya kusa cika aka aika mata cewa jikin innarta ya matsa, ta zo. A ranar ta kamo hanya. Ta iso da atamfa da kwalbar zuma don marar lafiya, ta tarar Gwaggo Abu ce ke kwana a ɗakin, kayan Tamba kuma an daɗe da raba su.

Ba ta yi kuka ba. Mata suka yi ta yaba tawakkalinta. Mu dai akwai son yabon wanda ya yi shiru, saboda shirunsa hutu ne a gare mu.

Daga ranar dutsen, gidan bai sake ganin almuru cikin kwanciyar hankali ba. Da an kira magariba sai jifan ya fara, ba ya tsayawa sai an idar da isha'i. Ba ya samun kowa, amma ya fasa randa, ya huda kwano, ya kori kaji daga akurki. In Ma'u ta tashi zuwa bayan gida, sai a ji wani taku yana bin nata, a hankali, yana jan ƙafa. In ta shiga ɗaki ta rufe, sai a ji muryoyi biyu, tata da ta wata tsohuwa, suna magana ƙasa-ƙasa. Iya Ajoke, Bayarabiyar da ke sayar da kwanuka a gidan da ke manne da nasu, ta shigo wata safiya ta ja Gwaggo gefe.

"Gwaggo, kun yi baƙuwa ne? Ina jin tsohuwa tana kuka ta bayan katanga."

"Ba mu da baƙuwa," in ji Gwaggo Abu.

Ma'u ta daina cin abinci sai an matsa, ta yi zuru-zuru, wuyanta ya fito. An kai ta asibiti, abokan aikinta suka duba ba su ga komai ba. Riskuwa mutum ne mai ƙarancin magana, amma tsoro ya kama shi sosai. Ya binne uwar, yanzu yana kallon 'yar tana zarewa a gaban idonsa. Wata safiya ya bar albasa da masu saye, ya hau motar Argungu, daga can ya nufi Gulma wajen Malam Ummaru, wanda aka ce ya san yadda ake magana da mutanen ɓoye.

Malam Ummaru ɗan tsamurmurin tsoho ne, muryarsa ba ta kai girman sunansa ba. Ya iso bayan la'asar da gafakarsa, bai tambayi komai ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ya juya shi a tafin hannu, ya ce wannan ba na Gulbin Kabi ba ne. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Ma'u, Gwaggo na riƙe da ita. Riskuwa ya tsaya can bakin zaure. Malam ya zuba garin magani a kan garwashi, ya soma karatu.

Ya daɗe yana yi. Inuwa ta haye katanga, jemagu suka fara fita, unguwa ta yi tsit kamar an kwashe yaranta. Sai kan Ma'u ya sunkuya, bayanta ya lanƙwashe, hannuwanta suka soma karkarwa irin ta tsufa. Da ta ɗago, idon nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Salamu alaikum," in ji Malam. "Da wa nika magana?"

"Da baƙuwa," in ji wata dusasshiyar murya daga bakin Ma'u.

"Baƙuwa daga ina?"

"Daga inda tay yi shekara biyu."

"To ina kinka samu Hausa, har da irin tamu ta Kabi?"

"Ita tak koya min."

Malam ya ce ta yi bayani, yana saurare. Muryar ta ci gaba a hankali, tana hutawa tsakanin magana.

"Ɗakin da anka ba ta bayan asibiti, nawa na tun kakannin mutanen garin ba su zaka wurin ba. Duk wanda anka sa ciki, gudu shikai. Ita ko ran da tas shigo sai tay yi sallama. Ba a taɓa yi min sallama ba, Malam. Sai nib bar ta. Kullum marece, in ta taso aiki, sai ta zamna bakin gado ta yi ta magana da innarta kamar tana gabanta. Inna, yau na amshi tagwaye. Inna, yau wata ta cika ga hannuna, jini ya ƙi tsayawa, ba mu da mota. Inna, sun yi min dariya don ban iya gaisuwarsu ba. Innar ba ta ji. Ni ka ji."

Gwaggo Abu ta soma share ido da bakin zane.

"Mu labari ba shi yi muna nisa," in ji muryar. "Na san ran da anka kai innar makwancinta. Damina ta wuce, wata ta zaka, yarinya tana ba matacciya labari, tana aje mata zuma. Ban hwaɗi ba. Ba ni ad da hakkin hwaɗi ba."

Kan Ma'u ya juya a hankali wajen zaure. Riskuwa ya sunkuyar da nasa.

"Wanga ya wuce," in ji Malam. "Mi ya hisshe ki garinku har kinka ƙetaro nan?"

"Rakiya. Ran da saƙo ya ishe ta, da gudu tah hita, ba ta yi bankwana da kowa ba. Nic ce baƙuwata ta, bari in taka mata zuwa bakin ruwa. Ta shiga kwalekwale, ba ta ce in koma ba. Ta shiga mota, ba ta ce ba. Har wani abu mai ƙugi munka shiga, yat tashi bisa da mu, ban ji daɗinai ba ko kaɗan. Malam, kai ɗan mutane na. Mai rakiya yana juyawa ba a sallame shi ba?"

Malam Ummaru ya san gaskiya ta faɗa. A wurinmu wanda ya rako ka ba ya juyawa sai ka tsaya ka ce masa ya koma haka nan, ka gode.

"Jihwar ko ta mi ce?"

"Haushi. Na ga ta shigo gidan ubanta ta zama baƙuwa hiye da can. Kowa tsaraba shika tambaya. Ba wanda yac ce mata, yaya kinka kwana shekara biyu."

"Kin ga dai yadda tak koma," in ji Malam. "Ɗan Adam ba shi ɗaukar irinku. In kinka daɗe, kashe ta za ki yi, kuma Allah zai tambaye ki."

"Na sani. Ni ma na gaji, ina son ruwana. Amma ba ni tahiya haka nan."

Gwaggo Abu ta yi caraf ta ce in akuya ce a yanka, in turare ne a saya. Malam ya ɗaga mata hannu, ya ce ba a yanka don kowa sai Allah. Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Mi zan yi da akuya? Abu biyu nika so. Ta sallame ni da bakinta. Kuma wani shi zamna inda nika zama da marece, shi saurare ta. Ba ni barin ta ga bango."

"Ni zan zamna," in ji Gwaggo.

"Ke baki gare ki, ba ki da kunne." Hannun Ma'u ya ɗago, ya nuna zaure. "Shi."

Abin da aka nema ba ƙarami ba ne. Ma'u 'yar fari ce, kuma Riskuwa na cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. In yana da magana, uwarta yake faɗa wa. Yana son ta fiye da yadda zai iya faɗa, amma hanyar da son yake bi ya isa gare ta ita ce aka binne.

Ya tako zuwa tsakar gida kamar mai ɗauke da buhu.

"Ni nab ɓoye mata," ya ce. "Na ɗauka, ni zan zamna."

Malam ya koma karatu, ya tofa a ruwa ya shafa wa Ma'u a fuska. Bayanta ya miƙe, ta buɗe ido da kallonta na da. Ya gaya mata abin da aka yi da abin da ya rage.

"Malam, ita kaɗai tas san abin da nig gani can," ta ce. "In ta tahi, kamar ban je ba."

"Sai ki hwaɗa ma wani, ɗiyata. Sallame ta, ta yi nisa da gida."

Ma'u ta miƙe, Gwaggo na tallafe da ita. Ta ratsa tsakanin buhunan albasa har ƙofar gida, takun nan na biye da ita. Ta tsaya ta fuskanci yamma, inda sauran ja ya rage a sama.

"Na gode da rakiya, Kaka," ta ce. "A koma haka nan. A gai da gida."

Ta yi atishawa mai ƙarfi. Suka ji takun ya fita, ya bi lungu yana jan ƙafa, har ya ɓace. Daga nan ba a sake jifa a gidan ba.

Washegari da aka idar da magariba, Riskuwa ya dawo daga masallaci. Ya yi ta kai da kawo a zaure, yana gyara buhunan da ba su bukatar gyara. Can ya shigo da buzunsa, ya shimfiɗa a gefen ƙofar Ma'u, ya zauna yana fuskantar wani wajen. Gwaggo Abu ta ja bakinta ta shige ɗaki. Mutumin da ke iya cinikin mota guda ta albasa ba tare da ya yi gumi ba, ga shi ya rasa kalma ɗaya.

"Can ƙasar," ya ce daga baya, "suna noman shinkahwa?"

"Suna yi, Baba," in ji Ma'u. "Amma mata ka noma ta. Su shiga ruwa har gwiwa, da goyo, suna waƙa. Na ce in na zaka gida sai na ba Inna labari, don ba za ta yarda ba."

Kukan da ta riƙe tun ranar da ta iso ya ƙwace mata, mai ƙarfi, irin na ƙaramar yarinya, har Iya Ajoke ta ji ta bayan katanga ta zauna ita ma tana hawaye. Riskuwa bai ce ta yi haƙuri ba. Ya juyo da buzunsa ya fuskance ta, hawaye na bin gemunsa.

Aka kira isha'i, aka tayar, aka sallame, Riskuwa bai tashi ba.