Sandar Awo a Yindiski

Ranar da Rauda ta fara ganin Mahdi, yana jingina yaran ajinta ɗaya bayan ɗaya da wata doguwar sanda mai kala-kala, a firamarensu ta Yindiski. Jami'in lafiya ne. Tsawon yaro ke nuna masa ƙwaya nawa zai ba shi ta maganin tsargiya, ciwon fitsarin jinin nan da yara ke kwasowa wajen wanka a kududdufi.

"Malama, ke ma a auna ki?"

"Na fi ƙarfin sandarka," ta ce tana ɓoye murmushi. Kafin wata biyu, ita ke leƙen waya ko ya turo saƙo.

Da magabatan Mahdi suka zo neman aurenta, mahaifinta Baba Modu ya ɗaure fuska.

"Mai auna yara da ransu? Mu gawa muka san ana aunawa da kara, a kai wa masu haƙa kabari. Kada ya tako mini gida."

Ya kuma hana autansa Kaumi shan maganin. Jinin fitsari, in ji shi, girma ne ya zo wa yaro.

Wane irin girma! Kaumi kullum sai ramewa yake, idanunsa sun yi fari fat, in ya shiga bayi sai kuka. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a aji, Rauda ta rubuta wa Mahdi: "Nurina, tsoro nake ji. Kaumi zai tafi ya bar mu."

"Kwantar da hankalinki, Raudata. Ki ba shi abinci tukuna. Ina zuwa, ko Baba zai kore ni."

Da la'asar ya iso da sandarsa. Baba Modu ya tare ƙofa.

"Baba," Mahdi ya ce a durƙushe, "gawa a kwance ake auna ta. Ni a tsaye nake awo. Ka bar ni in auna shi tun yana iya tsayawa."

Tsohon ya waiwaya. Kaumi na dafe da bango, da ƙyar yake tsaye. Baba Modu ya kauce daga ƙofar.

"To fara da ni. In mutuwa ce, ta ɗauke ni."

Aka auna uba, aka auna ɗa, suka sha maganin. Bayan 'yan makonni fitsarin Kaumi ya washe, ya koma ƙwallo.

Ranar ɗaurin aure, Baba Modu ya riƙe hannun ango.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'yan da za a riƙa aunawa a tsaye."

Rauda na ɗaki ta ji shi, ta fashe da kukan murna.