Kyandir ɗin da Nélida ta Hure

Rana na shirin faɗuwa Nélida ta sa mijinta Ruperto ya ɗora mata madubin hangen taurari a bayan mota. Na hannu ne, ta saye shi bayan ta ajiye aikin jinya, kuma yau ne karon farko da za ta fita da shi hamada ba tare da 'yan ƙungiyarsu ta masu kallon taurari ba.

"Shekara talatin kina duba marasa lafiya, yanzu kuma sama za ki yi wa awo," in ji Ruperto. "Allah ya shirye ki, tsohuwa."

"Ja mota, tsoho. Shayinka da burodinka na cikin jaka, ba wanda ya ce sai ka ɗaga kai."

Sun bar garin Calama da kamar awa guda, suka sauka daga kwalta, suka tsaya a wani fili. Ba gida, ba bishiya, ko kukan tsuntsu babu. Sai warin ƙasa mai gishiri, da injin mota yana hucewa, ƙas, ƙas.

Ta kafa madubin. Ta naɗe bakin tocilarta da jar leda kamar yadda aka koya mata, don ido sai ya yi rabin awa cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma farin haske kaɗan ya isa ya ɓata komai. To amma ga wata wuta na tsone mata ido. Can bakin hanya akwai animita, ɗan ɗakin nan mai gicciye da ake gina wa wanda ya mutu a wurin, kuma wani ya kunna kyandir a ciki.

Kowa ya san ba a taɓa wutar mamaci. Ita ma ta sani sarai. Ɗoki ne kawai irin na sabon shiga.

"Ki bar wa bawan Allahn nan wutarsa," in ji Ruperto daga kujerar da ya ajiye a waje.

"Awa ɗaya tak. In mun tashi na kunna masa."

Ta durƙusa, ta hure.

Kai, sama ta buɗe! Taurari birjik, har ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta shiga neman wani ɗan farin gajimare da malaminsu ya kwatanta mata. Ya ce abu mai dishi-dishi ba a kallonsa kai tsaye, sai ka kau da ido gefe kaɗan, nan zai fito. Ta gwada, ga shi kuwa. Murna ta kama ta, ta ɗago don ta kira Ruperto.

Da wutsiyar idon ta gan shi.

Wani na tsaye bayan kujerar mijinta. Dogo, ya sunkuyo.

Ta juya ta kalli wurin sosai. Babu kowa. Ta kau da ido. Yana nan, hannuwansa biyu bisa kafaɗun Ruperto.

"Tsoho," ta ce a hankali. "Taso."

Sai ƙarar kofi da ya faɗi kan tsakuwa.

Ta kama wuyan hannunsa. Sanyi ƙalau. Jijiyar na bugawa, amma ɗaya, sai a daɗe, sannan ɗaya. Ta sha riƙe irin wannan hannu a asibiti, ta san inda yake zuwa.

Bakin Ruperto ya motsa. Muryar ba tasa ba ce.

"Duhu. Ban ga gidana ba."

Ta cire ledar, ta haske fuskarsa da farar wuta. Idanunsa a buɗe, ko ƙiftawa.

"Nan akwai ɗumi," muryar ta ce. "Nan zan zauna."

Ta ruga mota, ta zazzage jaka. Ashana ƙwaya uku. Ta kwasa da gudu zuwa ɗan ɗakin, ta faɗi, ta tashi.

Ta farko ta karye.

Ta biyu ta kama. Wani numfashi mai warin tsohon rami ya zo dab da kunnenta, ya hure ta.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Ni na yi laifi, ba shi ba. Don Allah."

Ta ƙyasta ta uku, ta rufe ta da tafin hannu. Wutar na cin yatsunta, ba ta saki ba sai da lagwanin ya kama.

Takun ƙafa bisa tsakuwa. A hankali, ana ja. Ya zo, ya goge ta, ya wuce ciki.

Can baya Ruperto ya yi tari.

Ita ta tuƙo su gida, madubin ma a can suka bar shi. Ruperto bai tuna komai ba, likitoci kuma ba su ga komai ba.

Tun daga nan, duk ranar Litinin Nélida ke kai sabon kyandir, irin na gilashi mai kwana bakwai. Sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da ita, ta ce gobe ma rana ce. Da magariba suna cin abinci cokali ya suɓuce daga hannun Ruperto, yatsunsa suka yi sanyi, ya fara kallon bango. Haka ta ja mota jiki na karkarwa.

Bana shekararta sittin da huɗu, gwiwa ta fara ba ta wahala, ba su da ɗa ba su da jika. Ba ta tsoron mutuwa. Abin da ke hana ta barci shi ne wanda zai riƙa kai kyandir ɗin idan ta riga Ruperto tafiya.