Gidan da Khamisu Ya Ce Bai Sani Ba

Ranar da Khamisu ya fara ganin Bara'atu, tana tsaye ne a ƙofar gidan su Khamisun a Zangon Agege da ke Legas, ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyon tagogin katakon sama. Ya sauko daga okada cikin gogaggiyar riga, ya kalle ta sau ɗaya, ta shiga ransa.

"Malam, don Allah ka san masu gidan nan?" in ji ta.

Ya dubi tsohon benen. Kwanon rufi ya yi tsatsa, bango ya tsage, ga kwandunan goro jibge a zaure. A nan aka yanke cibiyarsa, amma bakinsa ya riga hankalinsa.

"A'a, wucewa nake. Ni a Abule Egba nake zaune."

Ta ce ita da ƙawayenta suna da shafi a intanet, suna sa bidiyon tsofaffin gidaje kafin a rushe su. Wannan kuwa, an gaya mata fataken goro ne suka gina shi. Khamisu ya gyaɗa kai kamar yau ya fara ji, alhali shi ne kullum yake matsa wa kakarsa, Hajiya Batulu, a sayar da gidan a huta.

Daga ranar suka saba, har soyayya ta kankama. Duk Asabar yana riƙe mata waya a Iyana Ipaja ko lungunan Agege, tana kiransa Jarumina, yana kiranta Hasken Ido. Amma da sun nufi Zango sai ciwon kai ya taso masa. Har ya roƙi Hajiya kada ta bar masu ɗaukar hoto su shiga, wai ɓarayi ne.

Da maganar aure ta taso, mahaifin Bara'atu, Alhaji Abdulgani, ya tura ƙaninsa bincike kamar yadda aka saba. Ƙanin ya je Abule Egba, ya tarar ɗakin da Khamisu ke cewa nasa, ashe na Nanpon ne, abokin aikin Khamisu.

"Ah, oga, Khamisu ai ɗan Zango ne," in ji Nanpon, bai san ya ɓaro aiki ba. "Gidan goron nan mai bene, nasu ne."

Da la'asar saƙon Bara'atu ya shigo:

"Wata bakwai ina roƙon a buɗe min gidan nan, kana tsaye kusa da ni kana kallona. Abba ya ce wanda ya ɓoye asalinsa ba zai ba shi 'ya ba. Ban iya kare ka ba, Khamisu, don ni ma kunya ta kama ni."

Ba Jarumina ba, sunansa ta rubuta tsirara. Ya karanta, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kwana uku ya kasa haɗa ido da kowa. A na huɗu ya durƙusa gaban Hajiya ya faɗa mata komai. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

"Ashe mu ne abin kunyarka," ta ce a hankali. "Tashi, ɗauko wayar taka."

Ta kai shi ɗakin goro, ta sa ya janye kwanduna. Bangon cike yake da sunaye da ajami. Ta ce duk baƙon da ya sauka a gidan, kafin ya koma Arewa sai ya rubuta sunansa da garinsu, don na baya su san ya wuce lafiya. Shekara ashirin da takwas Khamisu yana gidan, bai taɓa dubawa ba.

Ya ɗauki bidiyon bangon layi-layi, Hajiya tana karantawa. Sannan ya juyo da wayar kan fuskarsa.

"Sunana Khamisu. A gidan nan aka haife ni. Na ce ban san shi ba, ƙarya na yi."

Ya tura wa Bara'atu, ya rubuta: "Hasken Ido, ki sa shi a shafinki har da ƙarshen. Ko ba a ba ni ke ba, na gaji da ɓuya."

Ta sa. Kafin mako ya zagayo, samari da 'yan mata daga Kano, Gusau, har Maraɗi suna rubuto cewa sun ji sunayen kakanninsu. Matasan Zango suka haɗu suka gyara rufin, Khamisu na kan gaba da guduma, ana tsokanarsa da "ɗan Abule Egba".

Wata Juma'a Alhaji Abdulgani ya zo da kansa. Ya daɗe a gaban bangon yana karatu, sannan ya juyo.

"Yaro, ba gidan na ƙi ba, ƙaryar na ƙi. Tunda ka warware ta a bainar jama'a, turo magabatanka."

Aka ɗaura aure, aka kawo amarya ɗakin sama mai tagogin katako, don ita ta ce nan take so. Hajiya ta dafa kansu ta ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'ar da ba za ta ji kunyar gida ba. Khamisu ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Bayan sati biyu wasu ɗalibai suka tsaya a ƙofa da wayoyinsu, suka tambaye shi ko ya san masu gidan. Bara'atu ta leƙo ta taga tana murmushi, tana jiran amsa.

"Gidanmu ne," in ji shi. "Ku shigo."