Shafi Arba'in na Ƙawanya

"Maimaita! Na ce ka maimaita abin da ka faɗa!"

Telar ta miƙe daga kan keken ɗinki har almakashi ya faɗi ƙasa. Mai gyaran keke, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure, yana bakin shago yana murza hula. Mahaifiyarsa na bayansa, ta riƙo littafin telar da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

"Rabin raina, tambaya kawai na yi..." in ji shi.

"Riƙe rabin ranka!"

Tsohuwar ta buɗe littafin. Shafi bayan shafi, ƙawanya cikin ƙawanya, layi ɗaya yana lanƙwasa yana dawowa.

"Yarinya, 'yar ƙanwata ce ta kawo min wannan. Ta ce da shi kika ɗaure min ɗa. Mai hankali zai cika shafi arba'in da abin da ba rubutu ba, ba hoto ba? Na janye maganar auren nan."

'Yar ƙanwar ta daɗe tana son mai gyaran, kowa ya sani. Amma haka muke, duk abin da ba mu gane ba sunansa asiri, tambaya kuwa ta fi ƙarfinmu.

Telar ta juya kansa, idonta jawur.

"Mama tana da uzuri. Kai fa? Wa ya sauke min haƙoran keken nan don yadi ya bi hannuna duk inda na so? Ba kai ba? Amma aka yi min ƙazafi, ka yi shiru kamar an shuka dusa!"

"Na ji nauyin Mama ne..."

"Nauyi? Tsoro dai!"

Ta jawo bargon da take ɗinkawa, yadi sama da ƙasa, auduga a tsakiya.

"Mama, ku zaɓi shafi."

Tsohuwar ta nuna ɗaya. Keke ya ɗau ƙara. Babu alli, babu zane a yadin, tafukanta biyu kawai ke juya shi, sai ga ƙawanyar tana fitowa sak.

"A takarda nake koya wa hannuna hanya. Biro yana yafe kuskure, allura ba ta yafewa."

Tsohuwar ta shafa ɗinkin.

"Yafe min, 'yata."

Sai ta waiwayi ɗanta.

"Kai kuma, shashasha! Ka san gaskiya, ka bar ni na taho da furfurata na ji kunya?"

"Auren fa?" ya tambaya.

"Yana nan," in ji telar. "Amma sai ka je gaban wadda ta ƙulla, ka wanke ni da bakinka. Yanzu!"

Ya fita har yana tuntuɓe.

Tsohuwar ta jawo kujera kusa da ita.

"Matsa, amarya. Nuna min yadda ake juya yadin nan."