Rijiya ta Bakwai

"Ba zan sa hannu ba, Kaka."

Tsohon ya ɗago kai daga kan kujerarsa mai taya, ya gyara zaman tabarau, ya dube ta sama da ƙasa kamar yau ya fara ganinta.

"Amarya, kunnena ne ya fara yi mini wasa, ko bakinki ne ya kuɓuce?"

"Kunnenka lafiyarsa ƙalau, angona. Cewa na yi ba zan sa ba."

Ta rufe alƙalamin, ta ajiye shi a kan takardar.

Tun tana rarrafe yake kiranta Amarya, ita kuma tana ce masa ango, wasan jika da kaka da bai taɓa yankewa tsakaninsu ba. A kamfani kuwa Injiniya ake ce mata, tun ranar da ta dawo daga karatu da digiri biyu a kan haƙar mai. Ita kaɗai ce jikarsa, ita kaɗai ta rage masa daga tsatson 'ya'yansa maza.

Idonta ya kai kan bangon falon. Hotuna goma sha ɗaya ne a jere, kowanne na ranar da aka buɗe wata rijiyar mai ta gidan. A na farko ga Kaka nan da ƙuruciyarsa, siriri, da rigar direban tanka a jikinsa, yana dariya baki har kunne, ɗanyen mai ya yi masa baƙi ƙirin. Daga wannan rijiyar aka samu jirage, da gidajen bene, da sunan da ake miƙewa tsaye idan an ambata. A na tara ga Baffanta, wanda jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi wata uku bayan ɗaukar hoton.

Tsakanin na shida da na takwas kuwa babu hoto. Ƙusa ce kawai a kafe.

A nan Abbanta ya rasu, shi da ma'aikata takwas, ranar buɗe Rijiya ta Bakwai, tana 'yar shekara shida. Kwana goma sha tara wuta na ci kafin a toshe ramin da siminti.

Dalilin kasancewarsa a wurin kuwa doka ce da Kaka ya kafa da bakinsa tun rijiyar farko: ba a buɗe rijiya sai jinin gidan ya sa hannu cewa lafiya take, kuma sai jinin gidan ya tsaya a bakinta tare da ma'aikata. "Ba na tura ɗan wani inda nawa ba zai tsaya ba," haka yake faɗa. Saboda wannan dokar ma'aikata ke son sa kamar uba. Ita ce kuma ta cinye masa ɗa.

"Dubi ƙusar nan," in ji Kaka, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara ashirin da biyu tana kallona. Ina so kafin in kwanta dama in ga ramin da ya ci mini ɗa ya ba da mai, in ce ba a banza ya tafi ba. Wannan ne kawai roƙona."

"Kaka, sati uku na yi a can. Simintin ya tsage ta ƙasa, iskar gas na taruwa, agogon awo kullum sai ya ƙara hawa. Idan aka taɓa ta..."

"Ni zan tsaya a bakinta wannan karon!"

"A keken nan?"

"A keken nan! In wuta ta ci ni, me ya rage a jikina da za ta ci?"

"Mutum arba'in da biyu za su tsaya tare da kai. Su fa?"

Ya ɗan karkata kai, ya ƙanƙance ido.

"Arba'in da biyu, ko dai ɗaya? Wannan Dogon naki da ke neman ƙwace mini mata..."

"Har da shi. Ban ɓoye ba."

"To ki ji da kyau. Ni ne waliyyinki. Ranar da kika sa hannu, ranar zan ba shi aurenki. Kafin nan, ko sallamarsa ba na son ji a ƙofar gidana."

Ta durƙusa, ta gyara masa bargon da ya zame daga gwiwarsa, ta ce a hankali, "To, za mu daɗe tare ke nan, angona."

Ya juya kekensa ya fuskanci taga.

Da hantsi ta iske Dogo a filin aiki, a tsaye kan tarin bututu yana yi wa mai injin ɗaga kaya ihu ya sauke a hankali. Shi ne shugaban masu haƙa, wanda ya fara daga mai goge injin. Da ya hango ta ya diro, ya cire hular kwano yana share gumi.

"Ranki ya daɗe, Injiniya. Wa ya taɓa mini ke? Idonki ya yi ja."

Ta gaya masa duk yadda suka yi. Ya juya hular a hannunsa.

"Abar ƙaunata... in na ce miki zan iya fa? Na san ramukan nan kamar tafin hannuna. Sai in rage mutane, mu goma mu lallaɓa ta, tsoho ya samu hotonsa, ni in samu matata."

"Maimaita!"

"Ni dai cewa na yi..."

"Mu goma! Su wa za ka zaɓa? Faɗa mini sunayensu, in je in gaya wa matansu tun yanzu!" Hawaye suka ɓalle mata. "Ina 'yar shekara shida aka kawo mana agogon hannun Abba a cikin ambulan. Shi ke nan abin da aka samu. Kana so a kawo mini naka?"

Ya ajiye hular a ƙasa, ya ɗaga hannuwa biyu sama.

"Na tuba! Wallahi na tuba. Agogona ma na roba ne, ba zai kai gare ki ba."

Dariya ta kuɓuce mata tana cikin kuka. "Kai dai ba ka da hankali."

"Na yarda. Shi ya sa nake neman mai digiri biyu." Ya sunkuyo, ya rage murya. "Ki riƙe abin da kika riƙe, rabin raina. Shekara nawa ne? Zan jira. Sai dai ki sani, furfura ta fara fito mini, kar ki zo daga baya ki ce an yi miki canji."

Kaka bai zauna ba. Ya ɗauko ƙwararru daga waje, suka duba, biyu daga cikinsu suka ce da taka-tsantsan za a iya, suka sa hannu. Aka sa rana, aka jera motoci. Da safiyar ranar ma'aikata suka taru, sai mafi tsufa a cikinsu, wanda ya yi aiki da Abbanta, ya karɓi takardar ya duba har ƙasa.

"Ina hannun jinin gida?"

Manaja ya fara bayani. Tsohon ma'aikacin ya kife hular kwanonsa a ƙasa ya zauna a kanta. Na kusa da shi ma ya kife tasa. Kafin minti biyar mutum arba'in da biyu na zaune a kan huluna, ba wanda ya ɗaga murya.

"Ku gaya wa Baba dokarsa muke bi," in ji tsohon ma'aikacin. "Shi ya koya mana."

Kaka da kansa ya so sa hannu, amma dokar ta ce sai wanda ya je ya auna da idonsa, shi kuwa ko lambobin agogon ba ya iya gani. Abin da ya ɗaure da hannunsa shekara hamsin da suka wuce, yau ya ƙi kwantuwa.

Washegari aka ɗauke Injiniya daga ofishinta mai gilashi, aka kai ta ɗakin ajiyar tsofaffin taswirori, inda fanka ɗaya ce kuma ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Ta share wurin, ta ajiye tukunyar fure, ta ci gaba da zuwa aiki ƙarfe takwas, kanta a sama. Duk wannan bai dame ta ba.

Abin da ya dame ta shi ne shirun.

Kaka ya daina yi mata magana. Kullum da safe za ta shigo da shayinsa da jarida kamar yadda ta saba, shi kuma za ta tarar ya juya keke ya ba ta baya.

"Ina kwana, angona? Yau ma ƙeya zan gaisa da ita? To ƙeya, ina gajiya?"

Shiru.

Sai ta zauna ta karanta masa jaridar daga farko har ƙarshe, tana yi tana sharhi, tana tsokanarsa da cewa in bai yi wasa ba za ta kai ƙararsa, miji ya ƙaurace wa amarya ba laifin tsaye ba na zaune. Wani lokaci takan ga kafaɗarsa ta ɗan motsa, kamar mai danne dariya. Sai ta fita, ta shiga mota, ta kifa kai a sitiyari ta yi kukanta, ta goge fuska, ta tafi aiki.

Gwaggonta, wadda ta raine ta, ta sha tare ta a baranda.

"'Yar nan, ki sa masa hannun mana! Tsoho ne fa, kwana nawa ya rage masa? Taurin kan nan naki na wa ne?"

"Nasa ne, Gwaggo. A wurinsa na gada."

"Ki sa, sai a yi ta jan ƙafa da aikin har Allah ya yi ikonsa."

"In na sa, washegari zai sa a tura shi bakin ramin. Kin fi ni saninsa."

Gwaggo ta yi ajiyar zuciya, don ta san gaskiya ce.

A wata na tara da fara wannan shirun, Kaka ya aika a kira Dogo. Ya zo da farar riga da ta yi masa gajarta a hannu, ya durƙusa a bakin ƙofa. Injiniya na laɓe a bayan labule.

"Kai ne mai son matata?"

"Ni ne, Baba. A yi mini afuwa."

"Ka san ba ta jin magana?"

"Na sani, Baba."

"Ka san in ta ce a'a, ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta canzawa?"

"Na ɗanɗana, Baba."

"To ka zo ka kwashe ta, ta ishe ni. Kullum sai ta cika mini kunne da jarida." Ya yi tari, ya daɗe yana yi. "Ba don ta yi daidai ba ne, ka gaya mata. Don dai ba na so in tafi in bar ta ba kowa."

Ranar da za ta bar gidan zuwa gidan miji ta shiga ɗakinsa, ta durƙusa a gefen keken, ta kifa goshinta a kan hannun kujerar.

"Kaka, ka yafe mini. Ka ce mini wani abu, ko zagi ne... Don Allah."

Bai juyo ba. Amma ta ji tafin hannunsa, busasshe mai ɗumi, ya sauka a kanta. Ya daɗe a wurin, yatsunsa na ɗan shafa gefen mayafinta kamar yadda yake yi mata tana ƙarama. Sannan ya janye.

Ko bayan auren ba ta fasa zuwa da shayi da jarida ba. Wata biyu ta ƙara tana gaisawa da ƙeya. Ranar wata Talata ta iso ta tarar da motoci cike da ƙofar gida, ta tsaya da jarida a hannu, ta gane Kaka ya cika.

Bayan an watse daga zaman makoki, Gwaggo ta same ta a falo tana kallon bangon hotuna.

"Akwai abin da ya hana ni gaya miki," in ji Gwaggo, tana share ido. "Kullum tun ƙarfe bakwai yake sa in gyara masa hula, in tura shi ya fuskanci ƙofa. Ya yi ta tambaya, 'Amaryata ta zo? Duba mini, ko motarta ce?' Sai ya ji ƙarar takalminki a baranda, ya ce, 'Maza juya ni! Maza, kar ta gan ni!'"

Injiniya ta toshe baki da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata, har sai da ta zauna a ƙasa.

Dogo ya shigo ya tsuguna kusa da ita. Ya dubi bangon, ya dube ta.

"In zare ƙusar nan, masoyiyata? Don kar ta riƙa tayar miki da hankali."

"Bar ta."

Yanzu ita ke zaune a kujerar Kaka a kamfani. Takarda ta farko da ta sa wa hannu ita ce ta ƙara wa Rijiya ta Bakwai siminti, a kewaye ta da waya. Babu wanda zai taɓa sanin ko da an buɗe ta za ta kama da wuta ko ba za ta kama ba. Ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa cewa ta sani ba.

Abin da ta sani shi ne, da yamma idan an tashi aiki takan tsaya a taga ta ga mutum arba'in da biyu suna rataye huluna suna tafiya gida, na ƙarshensu dogo ne, yana ɗago mata hannu. Ta kuma san abin da ta bayar. Wata goma sha ɗaya na ƙarshen rayuwar mutumin da ya fi kowa sonta a duniya, tana gefensa kullum, bai ƙara ce mata Amarya ba. Ya tafi yana ganin ita ce ta hana shi abu ɗaya da ya taɓa roƙonta.

Da za a sake miƙo mata alƙalamin, za ta sake rufe shi. Sai dai har yau ba ta iya karanta jarida da safe.