Goyon Cikin Zara'u

"Ban ce kar ki tafi ba, Zara'u. Cewa na yi ki faɗa wa Inna."

"In faɗa mata me? Buɗe baki ka kira sunan abin, in ji yadda zai fito."

Ashiru bai kira ba. Yana tsaye bakin ƙofar ɗaki, yana kallon matarsa tana cusa zannuwa a jaka, cikin wata bakwai ya hana ta sunkuyawa sosai. Ƙasa-ƙasa suke faɗan, don uwarta Hajjo na zaune a tsakar gida. Tun hantsi ta iso Tasawa daga Attantane, ta zo tafiya da ɗiyarta goyon ciki. Cikin fari ne. A gaban uwa ake haihuwarsa, can ake wankan jego har a yi arba'in.

Wata huɗu kenan da awon ciki ya nuna ƙwayar sida, cuta mai karya garkuwar jiki, a jinin Zara'u. Aka kira shi aka auna, shi ma haka. Ya san inda ya ɗauko ta, shekarun da ya yi a haƙar zinariya a arewa kafin aure. Ba ta taɓa tambayarsa ba. Tun daga ranar suke haɗiyar ƙwayar magani ɗai-ɗai bayan magariba, da moɗa guda, a dangi babu na ukun da ya sani.

"Maganina na ƙasan jaka," ta ce. "Na wata uku ungozomar likita ta ba ni. Zan sha a ɓoye."

"Naki na yarda. Na jaririn fa? Da kunnenki kika ji. A gidan likita za ki haihu, kuma daga ranar da ya faɗo sai an ɗiga mashi siro, maganin nan na ruwa, a baki kullum, sati shida, ba tsallake."

"Zan ba shi."

"Ɗan fari? A gaban Inna? Ke da ko kallonsa ba za ki yi ba sai ɗaki ya watse. Ita za ta yi mashi wanka, a bayanta zai wuni. Miƙo maki kawai za a riƙa yi ya sha nono a karɓe."

Zara'u ta saki zanen da ke hannunta, ta zauna bakin gado.

"In ta sani, za ta tambayi wanda ya kawo. In ta ji, Baba ya ji. Ka san halinsa... ba za su maido ni ba."

"Wataƙila."

"Wataƙila kawai za ka ce mani?" Ta ɗago ta dube shi. "Masoyina, duk duniya kai kaɗai ne nake shan magani a gabanka ba tare da na juya baya ba. In aka raba mu, da wa zan zauna?"

Ya so ya riƙe hannunta. Ya san in ya riƙe, magana ta ƙare, za ta tafi da sirrinta, shi kuma ya zauna yana lissafin ranakun da aka tsallake. Sai ya ɗauki takardar da ungozoma ta rubuta wa likitar can, ya fita.

Shekara guda da auren, bai taɓa yi wa surukarsa maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, kansa a ƙasa.

"Inna, akwai magana."

Hajjo ta gyara mayafi, ta kau da fuska yadda ake yi. "Ina ji."

Ya faɗa mata komai. Sunan cutar, ƙwayar kullum, haihuwa a likita, siron jariri. Bai yi kwana-kwana ba. Da ya gama, Hajjo ta yi tambaya ba ta juyo ba.

"Abin da ke cikin, shi ma ya ɗauka?"

"In tana shan nata, aka kuma ba shi nasa, sun ce da yardar Allah zai kuɓuta."

"Nono fa?"

"Ta ba shi. Kar dai ta bar magani ko rana ɗaya."

"Da safe ake ɗigawa ko da yamma?"

"Lokaci ɗaya kullum. Za su nuna maku awon."

Ta miƙo hannu ba ta dube shi ba. Ya sa mata takardar, ta ninke ta ƙulle a bakin mayafi, ƙulli biyu. Sannan a karo na farko tun ɗaurin aure ta juyo ta kalle shi cikin ido.

"Kai ka kawo mata?"

"Ni ne, Inna."

Ba ta zage shi ba. Da ta zaga, da ya fi mashi sauƙi. Ta ɗaga murya wajen ɗaki. "Ke, fito. Mota ba ta jiran kowa."

Shi ya ɗauki jakar har tasha, yana tafe bayansu. Zara'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idanunta sun yi ja. Hajjo ta sa direba ya ba ɗiyarta gaba saboda gargadar hanya, ita ta shiga baya ta zauna jikin taga. Sau ɗaya Zara'u ta waiwayo, bakinta ya motsa, bai ji abin da ta ce ba.

Direba ya tayar da mota. Ashiru ya dafa tagar, ya sunkuyo.

"Inna... in an yi arba'in, in zo in ɗauke su?"