Gyaɗar Ranar Lahadi

Yelwa na tankaɗe a tsakar gida ta ji sallamar Mijinyawa, saurayin da za ta aura bayan kaka. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yelwa, yau ba gaisuwa?"

"Gaisuwar me? Ka miƙe a coci gaban kowa ka ce Babana ya karya ranar Ubangiji, wai ka gan shi ya fito daga gona da kwando a ka! Kwana uku ke nan ko kasuwar Rogo ya kasa fita. Kawu ma ya ce a mayar maka da kayan aurenka."

Shi Mijinyawa, tsakani da Allah, ba mugu ba ne, rawar kai ce ta yi masa yawa. Tun da aka ba shi shugabancin matasa a cocin ƙauyensu, ran Lahadi ko tsinke ba ya ɗagawa, wanda ya ɗaga kuwa ya shiga uku.

"Ai gaskiya na faɗa," in ji shi. "Ranar hutu mai tsarki ce, ko surukina ne ya..."

"Ka tambayi gyaɗar wa ce a kwandon?" Hawaye suka zubo mata. "Ta Innarka ce! Ta shanya ta a gona, ƙafa ta kumbura mata, hadari ya haɗo da safe. Ta roƙe ka, ka ce sai Litinin, ka yi tafiyarka. Baba ne ya kwashe ta tas kafin ruwa ya sauko, ya ce mata kai ka turo shi. Ya hana ni faɗa, wai kada ka ji kunya."

Wayyo! Ashe shi ya sa Inna ke ta sa wa Mijinyawa albarka, shi kuwa yana amsa amin bai san dalili ba. Kunya ta rufe shi.

Ya sami mahaifin Yelwa, Baba Ɗanmaliki, a bayan gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya zube a ƙasa.

"Baba, na yi laifi. Ka yafe mini."

Tsohon ya ajiye fartanyar, ya dube shi.

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake girmama ranar nan, kuma ba zan daina ba. Amma in zauna ina waƙa, abincin gwauruwa na shekara yana ruɓewa a ruwa? Ba zan iya ba. Na yafe. Sai dai inda ka ɓata mini suna, can za ka gyara."

Ran Lahadi Mijinyawa ya miƙe a coci, ya faɗi komai bai rage ba. Bai iya kallon ɓangaren mata ba, don a nan Inna ta fara jin gaskiya. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Bayan kaka aka ɗaura auren. Haƙurin Yelwa da na mahaifinta bai tafi a banza ba. Ranar hutu abar kiyayewa ce, amma wanda ya kiyaye ta ya bar uwarsa cikin wahala, bai san abin da yake kiyayewa ba.